Lefe Ya Tafi, Ya Bar Sunansa

Jama'a, kowa ya san kayan lefe, amma ba kowa ya san dalilin da ya sa a ke kiransu haka ba. Lefe wani kwando ne da a ke saƙawa da kaba, watau ganyen goruba. A cikinsa ne dangin ango kan zuba tufafin amarya su kai gidan iyayenta. Yau akwatunan kanti a ke jerawa, sunan kaɗai ya rage a bakinmu. Wannan ya sa na ke so mu yi shawara a kan tambaya guda: in sana'ar gado tana mutuwa, a wuyan wa alhakinta ya ke?

Mu fara da wahalar aikin. Mai ɗinkin faifai sai ta sami kaba, ta shanya, ta tsaga ta siri-siri, ta rina wadda za ta yi ado da ita. Sa'an nan ta naɗe ciyawa, tana bi da allura zagaye bayan zagaye, tun daga cibiya har baki. Ba a koyon wannan a littafi. Yarinya kan koya ne tana zaune kusa da kakarta. Saboda haka ran da tsara ɗaya ta tashi ba ta koya ba, igiya ta tsinke ke nan.

Waɗansu suna cewa laifin yaran zamani ne, sun raina gadonsu, alhali kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ma da haka na ke cewa, har wata ranar kasuwa na taya faifai wurin wata tsohuwa. Na yi ta ciniki, tana cewa albarka, har ta gaji ta sallama mini a kan abin da bai kai kuɗin mudun gero ba. Da ta miƙo shi sai ta ce, "Ɗan nan, kwana uku na yi a kansa." Na ce, "Iya, jikokinki suna koyo kuwa?" Ta ce, "In koya musu yunwa?" Kunya ta rufe ni. Ashe ni mai yabon sana'ar da baki, ina cikin masu kashe ta da hannu.

Waɗansu kuma suna cewa a bar ta ta mutu, tun da roba ta fi araha, ba ta kuma tsoron ruwa. Lalle akwai gaskiya a nan, ba kuwa za a zargi talaka don ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai ba. Amma araha ba ta ado. Kwando in ya tsufa ƙasa ta cinye shi, roba kuwa in ta fashe sai ta toshe magudanar ruwa. Kuɗin faifai kuma a ƙauye ya ke zama, a hannun matan da ba su da wata hanyar samu daga cikin gida.

Akwai masu ɗora nauyin duka a kan hukuma. Ai an yi ƙoƙari. An buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, na Yamai kuma a 1959, a 2003 kuwa Hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar kiyaye al'adun da a ke gada hannu da hannu. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai faifan da ke cikin gilashi ba ya bakace, ba ya rufe ƙwaryar fura. Kayan a ke iya ajiyewa a can, gwanintar kuwa ba ta zama sai a yatsun mai rai.

Mu ɗauki darasi daga masaƙan Bolgatanga da ke arewacin Gana. Da ciyawa su ke saƙa kwandunansu, suka ƙara musu launi da mariƙi na fata, ga shi ana sayensu har Turai da Amurka. Canja fasali bai kashe sana'arsu ba, shi ne ma ya sa ta ci gaba da ciyar da su.

To, a ganina alhakin nan kashi uku ne. Mai saƙa ta kyautata aiki, ta duba abin da mutanen yau ke bukata. Hukuma ta tsare goruba da giginya daga gatari, ta sama wa masu saƙa kasuwa. Amma kashi mafi nauyi yana kanmu masu saye, musamman mai hali. Zalunci ne mu ce 'yar wani ta riƙe mana gado da yunwa, mu kuwa 'ya'yanmu suna makaranta. Wanda ya ke son sana'ar ta ɗore, ya sayi kayanta, ya yi amfani da su, ya biya kuɗin kwanakin da aka yi a kansu.

Allah ya ba mu ikon sauke hakkin da ke kanmu, amin.