Ikon da Aka Ara Ranar Annoba

A ƙarshen watan Maris na 2020, da bakina na karanta wa masu sauraro sanarwar dokar hana fita a birnin Yamai, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Da na buɗe layin waya, wani mai shayi ya kira. "Malam," in ji shi, "cinikina bayan magariba yake. Wanda ya ce in zauna gida, shi zai auno mini hatsi?" Na ba shi haƙuri, na sa kiɗa. Har yau tambayar tana damuna.

Ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce. Cuta mai yaɗuwa ta bambanta da sauran cututtuka, domin tarin mutum ɗaya yana iya kai maƙwabcinsa kushewa. Ko John Stuart Mill, masanin Ingila da ya wallafa littafinsa kan 'yanci a 1859, ya yarda hukuma tana da hurumin hana mutum cutar da wani. Saboda haka ban ƙi a taƙaita taro ba. Abin da nake tambaya shi ne: ina iyakar wannan hurumi, kuma wa ke tsaron iyakar?

Mu duba abin da ya faru. Ranar 5 ga Maris aka kama ɗan jarida Kaka Touda saboda ya rubuta a intanet cewa akwai wanda ake zargin yana ɗauke da cutar. Ranar 19 ga wata gwamnati da kanta ta sanar da mutum na farko da ya kamu. Ranar 15 ga Maris kuma, ƙungiyoyin farar hula suka fito neman bayani kan kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro. An ce taron ya saɓa wa matakan kariya daga annoba, aka tarwatsa shi, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aka rasa rayuka, aka kai jagororin kaso. A Najeriya, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin.

Wani zai ce lokacin tsoro ne, kowa lalube yake yi, kuma gara a yi kuskure wajen tsanani da a yi shi wajen sakaci. Na fahimci wannan. Sai dai tsananin ma yana da nasa gawarwakin, kuma talaka ke ɗaukarsu. Ma'aikacin gwamnati ya zauna gida albashinsa na shiga. Mai shayi, da ɗan kabu-kabu, da mai tuyar ƙosai, zamansu yunwa ce. Sannan akwai asarar da ba a gani nan take, wato amana. Da aka rufe masallatai ba tare da an gamsar da jama'a ba, matasa sun ƙona tayoyi a Mirriya da Yamai. Mutumin da aka kora da kulki yau, da wuya gobe ya miƙa hannun ɗansa ga mai allurar rigakafi.

A ganina, ikon da hukuma ke karɓa ranar annoba aro ne, kuma aro yana da sharaɗi. A faɗi ranar da dokar za ta ƙare. A bayyana dalilinta da harshen da mutane ke ji. Wanda aka hana nema a ciyar da shi. Kada a taɓa bakin mai tambaya, domin ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa ta rubutu ko ta rediyo.

Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, aka ɗage dokar hana fita. Ni ma ina da nawa laifin: na karanta umarni sau da yawa, ban taɓa gayyato jami'i ya amsa wa mai shayin nan ba. In wata annobar ta zo, Allah ya kiyaye, zan karanta sanarwar, sannan in bar layin a buɗe.