Wuƙar Likita Da Haƙƙin Yaro

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum akwai wata cuta mai kama ƙananan yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Likitoci suna kiranta noma, mutanen ƙauye kuwa ciwon daji ko ciwon iska. Daga dasashi ta ke farawa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci har ƙashi. In ba a sami magani ba, wajen tara cikin goma ba su tashi. Wanda ya tsira kuwa, sau da yawa muƙamuƙinsa kafewa ya ke yi, bakin ya ƙi buɗuwa, sai dai a ɗura masa kunu.

Tun 1999 aka buɗe asibitin wannan cuta a Sakkwato, inda a ke yin fiɗa kyauta. A kan yanke tabon da ya ɗaure muƙamuƙi, a ɗebo fata daga wani sashen jiki a toshe ramin. To, nan ne uba ya ke shiga tsaka mai wuya: ya miƙa ɗansa ga wuƙa, ko kuwa ya bar shi yadda Allah ya tashe shi?

Tsoron uban nan ba wauta ba ne. Sa mai kafaffen baki barci aiki ne mai hatsari, gama da wuya a ke zura masa bututun numfashi. Fatar da aka dasa ta kan mutu, aikin kuma ba safai ya ke ƙarewa a karo ɗaya ba. In ba a lizimci motsa bakin kullum ba, sai ya sake kafewa. Ga nisan hanya da rashin amincinta, ga gona an bari.

Amma fa barin ma hatsari ne, sai dai shi a hankali ya ke ci. Yaron da ba ya tauna ba ya ƙoshi, ba ya bitar allo da ƙarfi, in amai ya taso masa yana iya shaƙewa. Malamai sun tabbatar neman magani ba ya warware tawakkali, haƙuri kuwa ba ya zama lada ga uba alhali ɗansa ne ke biyan kuɗinsa.

Saboda haka a bambanta abu biyu. In baki ya kafe, fiɗa ta zama lalura, jinkiri tauye haƙƙi ne. In kuwa yaro yana ci yana magana, muni kaɗai ya rage, to, a ji shawarar likita, a kuma saurari mai fuskar, don shi a ke yi wa dariya a dandali, shi kuma zai sha zafin ɗinki. Kada a yanka yaro don kawai a rufe kunyar manya.

Rigakafi dai ya fi magani. Dasashin da ya fara jini da wari, in an garzaya asibiti da wuri, magani da abinci sun isa, ba sai an kai ga wuƙa ba. Allah ya kiyaye zuriya, amin.