Mas'ala a kan alfarmar talikai a wurin masu zuhudu na Nasara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin abin da ido ke gani da abin da ba ya gani.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, akwai wata jama'a cikin Nasara da suka ce imaninsu ya bushe, ya koma lafazi a baki da al'ada a ranar Lahadi. Suka nemi asalin cutar, suka ce ita ce gafala ga barin halitta: mutum ya dubi daji ya ga itacen wuta kaɗai, ya dubi kogi ya ga wurin zubar da ƙazanta. Maganin da suka faɗa shi ne a koma ganin kowane mai rai da kowace halitta da alfarma.

Fasali. Jagoransu cikin wannan hanya Faransis ne, mutumin Asisi a ƙasar Italiya, ɗan wani attajiri mai fataucin tufafi. Ya bar dukiyar ubansa, ya zaɓi talauci, ya yi hidimar kutare. A shekarar 1219 ya tafi Dimyat ta Masar ana tsakiyar yaƙi, ya gana da Sarki al-Malik al-Kamil, ya komo lafiya. Kusa da ƙarshen ransa, ga ciwo ga idanu sun kusa mutuwa, ya tsara waƙar yabon Ubangiji da harshen mutanen ƙasarsa, ya kira rana da wuta 'yan'uwansa maza, wata da ruwa 'yan'uwansa mata. Ya rasu a 1226. Bayansa wani malami na ɗarikarsa, Bonabentura, ya wallafa littafi a 1259 a kan tafiyar hankali zuwa ga Allah, ya sanya matakin farko duban sawun Mahalicci cikin talikai.

Fasali. Kadan ka ce: ashe wannan ba bautar halitta ba ce? To tambaya ce mai nauyi, malamansu ma sun yi ta. Jawabinsu shi ne alfarmar talikai aro ce, ba tasu ba ce. Misalinta kamar takardar sarki ce ta iso wa talaka. Mai hankali yana karɓarta da hannu biyu, ba don takardar ba, sai don hatimin da ke kanta. Wanda ya faɗi ya gai da takarda ya manta da sarki, ya ɓata. Wanda ya hura wuta da ita kuwa ya wulakanta mai aikowa, ko da bakinsa cike yake da kirarin sarki. Dubi lafazin Faransis: rana ɗan'uwa ya kira ta, bai kira ta ubangiji ba. Ɗan'uwa abokin bauta ne, ba abin bauta ba.

Fasali. Zancen ya sake tashi a 1967, da wani masanin tarihi na Amurka, Lin Wayit, ya zargi Nasarancin Turai da koya wa mutum cewa ƙasa ganimarsa ce. A 1979 Fafaroma Yohana Bulus na biyu ya ayyana Faransis waliyyin masu kula da muhalli. A 1997 Bartalamawus, shugaban Nasaran Otodoks a Istambul, ya ce ɓata halitta zunubi ne. A 2015 Fafaroma Faransis ya fitar da wasiƙa a kan wannan, ya haɗa kukan ƙasa da na matalauta.

Fa'ida. Da me ake gane mai gaskiya cikin wannan da'awa? Son fure da kukan tsuntsu ba wuya gare shi, ko gafalalle yana yi. Ma'auni shi ne abin da rai ke ƙi. Faransis ya kusanci kuturu tun kafin ya yabi rana, ya kuma kira mutuwa 'yar'uwa. Wanda ya ce yana ganin alfarma cikin itace, amma ya hana ɗan ƙodago haƙƙinsa, ko ya labta wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, shauƙi ne gare shi, imaninsa bai sabunta ba. Sai ka auna kowane mai da'awa da wannan, ka fara da kanka.

Allah ne Mafi sani. Tammat.