Ɗana, Kafin Ka Buɗe Shagon Tsofaffin Agoguna

Ɗana, idan kana cikin samarin Gombe da suka fara sha'awar tsofaffin agogunan hannu har suke tunanin kama shago, zauna mu yi magana. Za a yi maka dariya, a ce wa zai sayi agogo a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Wannan kada ta dame ka. Mai waya ya san lokaci, amma ango ranar ɗaurin aure da dattijo ranar Juma'a ba su daina son abin da zai dace da hannun babbar riga ba. Abin da nake so ka tsaya a kansa daban ne. Mai sayen shadda yana taɓa ta, mai sayen hatsi a Tudun Hatsi yana cusa hannu cikin buhu, amma mai sayen tsohon agogo ba ya ganin cikinsa. Abin da ka faɗa masa shi zai biya wa kuɗi. Saboda haka jarinka biyu ne kafin naira: sanin abin da ke bayan murfi, da faɗinsa yadda yake.

Fara da sanin inda kayan suka fito. A 1963, shekarar da layin dogo ya iso Gombe, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon da aka sani da Seiko 5, wanda motsin hannu ke wana shi. Shekara guda kafin nan Rado na Suwizalan ya fito da DiaStar, mai jikin da ba ya ƙarzuwa da sauƙi. Waɗannan, da irin su Citizen da Orient, su ne suka cika hannuwan iyayenmu a shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin auduga da albashin gwamnati ke da auki, alhazai kuma ke dawowa daga Makka da agogo a cikin tsaraba. A tsakanin nan duniyar agogo ta juya. A Disambar 1969 Seiko ya fara sayar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz. Cikin shekara goma sha biyar ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000. Casio ya kawo F-91W a 1989, mai araha da juriya, agogon da ake wanawa kuwa ya koma cikin adaka. To, waɗannan da aka jefa adaka su ne hajarka, kuma da yawansu suna nan a tsofaffin gidajen Jekadafari da Bolari da Herwagana, ba sai ka je Dubai ba.

Kada ka buɗe shago kafin ka zauna gaban mai gyara. Nemi ɗaya daga cikin dattawan da ke zaune da ɗan akwatin gilashi a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, ka durƙusa ka ce, "Baba, koyo na zo." Ka share masa tebur, ka sayo masa goro, ka yi haƙuri da faɗansa. A wurinsa za ka koyi buɗe murfin baya ba tare da ka ji wa agogo ciwo ba, da gane tsatsa, da bambanta injin da aka wanke aka sa wa mai da wanda aka tsoma a kananzir aka mayar. Wanda bai iya buɗe agogo ba, dillali ne zai riƙa faɗa masa abin da ya saya, kuma dillali la'adarsa yake nema.

Ga misalin abin da ilimi ke yi maka. A bayan yawancin tsofaffin Seiko akwai jerin lambobi shida. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ne, har ana sa N domin Nuwamba, D domin Disamba. Akwai kuma wata lambar da ke nuna irin injin. Injin da ake kira 7S26 a 1996 aka fara yin sa, shekarar da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi. Idan wani ya kawo maka agogo mai wannan injin ya rantse cewa mahaifinsa ya sayo shi a aikin hajjin 1975, ba sai ka yi musu da shi ba. Ka san ko dai ya manta, ko an sauya wa agogon ciki. Haka nan ka yi hattara da agogunan da ake haɗawa a Indiya, a ɗauko inji daga nan, jiki daga can, a yi wa fuska sabon fenti mai ƙyalli a rubuta Seiko ko Oris ko HMT. Suna da yawa a intanet, suna da arha, kuma araha ba ta ado. Agogon da ya shekara arba'in amma fuskarsa ta fi ta sabo haske, a tuhume shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Ranar da ka iya gane jabu, a ranar ka iya sayar da shi ba tare da an kama ka ba, kuma nan ne jarrabawar take. Za ka sayi Rado da tsada, ka buɗe ka tarar an cire injinsa na asali an sa na batir ɗan Chana. Shaiɗan zai ce maka, ai kai ma haka aka yi maka, mayar da murfi ka yi shiru. Ɗana, kada ka yi shiru. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita idan ya gano. Faɗi komai kafin a fara tayi: "Alhaji, jikin nan na asali ne, gilashin ni na canja, sarƙar ba tasa ba ce, injin kuma yana gudu da sakan 30 a rana." Wanda ya ji haka ya saya ba zai dawo da faɗa ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba na hana ka sayar da agogon da aka yi wa kwaskwarima. Ka sayar, amma da sunansa da kuɗinsa.

Ka tuna kuma Gombe ba Legas ba ce. Wanda ka cuta da safe za ku haɗu a sahu ɗaya a masallacin Juma'a, ko a ɗaurin aure a Pantami, ko ka tarar surukin yayanka ne. Masu son tsohon agogo a garin nan ba su da yawa, kuma sun san juna. Mutum ɗaya da ya ce "yaron nan ba ya ƙarya" zai kawo maka ciniki fiye da allon da ka kafa a bakin titi.

Gaskiyar nan ba a wajen sayarwa kaɗai take ba. Ta fi wuya a wajen saye. Wata rana tsohuwa za ta aiko jikanta da agogon marigayi mijinta a ƙulle cikin leda, ba ta san cewa Omega ne mai daraja ba, kuɗin magani take nema. Kana iya ba ta abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na darajarsa ba, ta yi maka godiya har da addu'a. Kada ka ci wannan kuɗin. Faɗa mata abin da yake, ka yi tayin da za ka iya kare shi gobe ƙiyama, ka bar wa kanka riba ta hankali. Idan agogon mamaci ne, tambayi ko an raba gado, domin wataƙila akwai haƙƙin marayu a ciki. Idan kuma yaro ne ya shigo yana waige-waige, yana neman ko nawa ne a ba shi, ce masa ya zo da babba. Karɓar kayan sata laifi ne a shari'a da dokar ƙasa, kuma ranar da 'yan sanda suka zo, ba yaron za su fara nema ba. Ajiye littafi: sunan wanda ya kawo, ranar, irin agogon, lambar bayansa, da abin da ka biya.

Sai ka san abokan gabar hajarka a wannan ƙasa tamu. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta ko'ina ta haɗu da man inji ta zama abin da ke cinye ƙarfe. Kada ka buɗe agogo a bakin ƙofa lokacin hazo. Na biyu zufar bazara da laimar damina. Na uku, wanda ya fi kashe agoguna a hannun Musulmi, shi ne alwala. Rubutun da ke bayan tsohon agogo cewa ruwa ba ya shigarsa gaskiya ne ranar da ya bar masana'anta, amma robar da ke tsare ruwan ta daɗe da bushewa. Gaya wa duk wanda ya saya ya cire kafin ya ɗauki buta. Gaya masa kada ya kwantar da agogon da ake wanawa a kan waya ko lasifika, domin maganaɗisu na sa shi gudu. Kada ya juya kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, lokacin da haƙoran ciki ke kama da juna. Idan ya ajiye mai wana kansa kwana biyu ya tarar ya tsaya, ba lalacewa ya yi ba, ƙarfinsa ne ya ƙare. Kai kuma, idan ka samu agogon da ya girmi shekarun 1960 mai lambobi masu haske da dare, kada ka kankare fuskarsa ko ka hura ta da baki, domin a da ana yin wannan fentin da radiyam, sinadari mai cutarwa.

Batun kuɗi kuwa, ka sani tsohon agogo ba tumatir ba ne, amma yana iya kwana wata shida a akwati. Saboda haka kada ka zuba jarinka duka a manyan agoguna biyu ko uku. Abin da zai biya kuɗin haya da cefane shi ne ƙananan ayyuka: canja batir, rage sarƙa, sa madauri, canja gilashi, da sayar da Casio da agogunan da ke nuna lokutan salla. Waɗannan su ke kawo mutane ƙofarka kullum, cikinsu kuma mai sayen babba zai fito. Raba uwar kuɗi da riba, kada aljihu ɗaya ya haɗa su. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, don haka idan ka sayar, lissafa da abin da za ka kashe ka maye gurbinsa, ba abin da ka saya bara ba. Kayan gyara sau da yawa sai an aika Kano ko Legas, to kada ka yi alkawarin gobe a kan abin da ba ya hannunka. Bashi kuma ka yi taka-tsantsan da shi, musamman ga abokai da manya masu cewa "aiko yaro ya karɓa."

Waya za ta kai hajarka Abuja da Kaduna, har ka sa a motar Gombe Line a kai wa mai ita. Wannan alheri ne, sai dai cinikin biri a sama ne ga wanda ke can, don haka nauyin da ke kanka ya ninka. Ɗauki hoto da rana, ba tare da gyaran da ke ɓoye ƙarzuwa ba. Nuna baya, nuna inji, nuna tabon. Kada ka saki kaya sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka, domin saƙon banki na ƙarya ya yi yawa. Ga kowane mai saye, na kusa da na nesa, ba da rasit da wa'adin da zai iya dawo da agogo idan ya tsaya, kuma ranar da ya dawo ka karɓe shi da fuskar da ka karɓi kuɗinsa.

Wani abu kuma: idan agogon zinare na gaske ya faɗo hannunka, ka san hukuncin sa zinare ga namiji, ka sanar da mai saye, kada son riba ya rufe maka baki.

Ba zan ce maka wannan sana'a za ta sa ka gina bene a shekara biyu ba. Tafiyarta a hankali take, kuma shekarun farko na koyo ne da asarar da ba a rasa ba. Amma idan ka kai matsayin da mutum zai taso daga Kumo ko Dukku ko Bajoga da agogon mahaifinsa, ya wuce shaguna goma ya zo naka domin an ce masa kai ne ba za ka sauya masa inji ba, to ka kafu, kuma 'ya'yanka za su ci albarkacin wannan suna. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ka daga haram komai ƙanƙantarta, Ya haɗa ka da abokan ciniki na gari.