Tafiyar awa ɗaya a jirgi: ana kasaru?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Daura. Nakan hau mota zuwa filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, daga nan jirgi ya kai ni Abuja cikin kamar awa ɗaya. Abokina ya ce ba ni da kasaru tunda ban sha wahala ba. Haka ne?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Malam mai tambaya, kana da kasaru, kuma a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi. Shari'a ba ta rataya wannan sauƙi a kan gajiya ba, domin gajiya ba ta da ma'auni. Abin da zai galabaitar da dattijo, saurayi ko a jikinsa. Nisa aka duba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yakan yi kasaru a irin tazarar Makka da Ɗa'ifa, ko Makka da Jidda, Malik ya ce wannan barid 4 ke nan, wato mil 48 kamar yadda Risala ta fayyace. A lissafin yau kilomita 80 ne da 'yan kai. Tsakanin Katsina da Abuja kuwa, ko a miƙe ta sama, ya haura kilomita 400. Malaman mazhaba tun kafin a ƙera jirgi sun faɗi cewa wanda ya yanke wannan nisa cikin ƙiftawar ido ma zai yi kasaru.

Inda mutanenmu suka fi kuskure shi ne wurin farawa. Kai da ka ɗaura niyyar Abuja tun daga gida, da zarar motarka ta bar gidajen Daura na ƙarshe ka zama matafiyi, domin tafiyar mota da ta jirgi ɗaya ce a niyyarka. Idan azahar ta same ka a Mashi, ko kana zaman jiran jirgi a Katsina, raka'a biyu za ka yi. Amma Bakanon da zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda gari ya riga ya kewaye, huɗu zai yi ko da tikiti na hannunsa, don bai fita gari ba tukuna. Haka kai ma, in kana da matar da ka tare da ita a Katsina ka shiga garin, tafiya ta yanke. Ka cika, sai ka sake lissafi daga can.

Ɗan rakiyar da zai sauke ka ya juyo fa? Lamarinsa dabam. Tazarar Daura da Katsina tana daf da iyakar da aka ambata, kuma ba a haɗa zuwa da dawowa a lissafi. Ni dai ina ganin ya cika sallarsa, domin cikawa ce asali idan ana shakkar nisa.

In ka isa Abuja da niyyar zaman kwana 4 cikakku, ka cika tun daga shigarka. In ƙasa da haka ne, ko kana jiran biyan buƙatar da ba ka san ranar ƙarewarta ba, ka ci gaba da kasaru. Magariba da asuba ba a rage su. Idan ka bi liman mazaunin gari, ka cika tare da shi.

Allah ne mafi sani.