Shin Likitoci Sun Fara Halitta Ne?

Ya ɗan'uwa saurayi, wataƙila ka ji ana cewa Turawa sun ƙera hanji da ƙwaƙwalwa a cikin kwano, har wasu suna faɗin wai an fara ja da Ubangiji. To, tsaya ka ji yadda abin yake.

A shekarar 2009, a garin Utrecht na ƙasar Holan, Hans Clevers da mutanensa suka ɗauki ƙwayar halitta guda daga hanjin ɓera, suna ba ta abinci. Sai ta yi ta rabuwa, tana jera kanta da kanta, har ta zama ɗan ƙaramin hanji. Ka lura da kyau, rayayya suka same ta. Ba su suka ba ta rai ba, ba su suka koya mata inda za ta tsaya ba. Manomi yakan shuka gero, amma ka taɓa jin ya ce shi ya fito da tsiron?

A 2013 aka raini na ƙwaƙwalwa a Austriya, bai kai ƙwayar wake ba. Da cutar Zika ta ɓarke a Barazil, ana haihuwar jarirai da ƙananan kawuna, sai a 2016 aka zuba cutar a kan irin wannan, aka ga yadda take kashe ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Wannan neman magani ne, kuma shari'a ba ta hana shi ba.

Tambayar da za ka kai wa malamai ita ce: ina aka samo ƙwayar? Daga fatar baligi da izininsa, ko kuwa daga ɗan tayi? Hukuncin biyun nan ba ɗaya ba ne.