Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Wa'azi Domin Idin Iyali Mai Tsarki



'Yan'uwana ƙaunatattu cikin Almasihu, jama'ar ikilisiyoyinmu na ƙasar Karaye da ta Rogo, ina yi muku barka da Kirsimeti, da kuma sannu da aikin kaka. Yanzu dawa ta shiga rumbu, hunturu ya kankama, kowa kuwa ya san abin da ke biye: samarinmu za su ɗaure kaya su tafi cin rani. Waɗansu za su dawo da faɗuwar ruwan farko, waɗansu kuwa sai dai mu riƙa jin labarinsu a bakin direbobi.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga Misa, wani matashin magidanci ya tare ni, matarsa tana tsaye daga gefe da goyo. Ya ce, "Fada, shawara nake nema. Kawuna ya ce in je Kano ya sa ni dako a kasuwar Dawanau. Abokina kuma ya ce in bi shi Ibadan, wai gari yana ta buɗewa, ana gine-gine, mai babur ba ya kwana da yunwa. Ina ne ya fi samu?" Na ce masa, "Ɗana, kafin mu zo kan samu, a ina za a yi wa wannan yaron baftisma, wa kuma zai koya masa alamar gicciye?" Sai ya yi shiru. Saboda wannan shirun nake yi muku wannan wa'azi.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu da suka tsaya a mararraba irin wannan. Na farko shi ne Lutu, a Littafin Farawa sura 13. Da kiwo ya yi musu kaɗan shi da Ibrahim, aka ba shi zaɓi, sai ya hangi kwarin Urdun shar da ruwa da ciyawa, ya zaɓa da ido, bai tambayi halin mutanen wurin ba, har ya kai ga zama a Saduma. Ƙarshensa kun sani: aka kama shi a yaƙi, daga baya ya fita da gudu, ya rasa dukiya, ya rasa mata.

Na biyu shi ne Yusufu mai tsarki, wanda muka ji labarinsa a Bisharar Matiyu sura 2. Da ya dawo daga Masar, ƙasar Yahudiya ce ta fi jan hankali, gama can ne Urushalima da Haikali da garin kakansa Dawuda. Amma ya bincika wanda ke mulki, ya ji Arkilayus ne ɗan Hirudus, mutumin da tarihi ya tabbatar da zaluncinsa har Romawa suka tuɓe shi a shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu. Yusufu ya saurari gargaɗin Allah, ya kai Maryamu da Yaron Nazarat, ƙaramin gari mara suna. Da ran Yaron ya auna zaɓinsa, ya kuma tafi da sana'arsa ta sassaƙa a hannu.

To, bari mu auna garuruwan nan biyu da mudun Yusufu. Kano tamu ce. Harshenta namu ne, tuwonta namu ne, in aka yi rashi ko rashin lafiya a gida, mutum ya kama hanyar Gwarzo ya iso a yinin. Bishop ɗinmu John Namaza Niyiring yana can, da babbar majami'ar Uwargidanmu ta Fatima, Dayosis ɗin Kano kuwa yana tsaye tun 1999. Amma birni ne mai cunkoso, samari biyar ko shida a ɗaki guda, haya da tsada, ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa. Jarrabar da ta fi waɗannan kuwa ita ce ta suna. Bahaushe Kirista yakan ga cewa in ya ɓoye sunan baftismarsa zai fi saurin samun ɗaki ko aiki, ko da ba wanda ya tilasta masa, domin akwai iyayen gida Musulmi masu adalci da ke barin yaransu su je coci. Yau ka ɓoye suna, gobe ka ɓoye rosari, jibi ka ji nauyin a gan ka a hanyar Misa. Dattawanmu kuma ba su manta da tarzomar 1991 da ta 2004 ba.

Ibadan kuwa tana nesa da mu fiye da kilomita 800. Hausawa sun daɗe a can. An kafa unguwar Sabo tun 1916 domin fataken goro da na shanu. Majami'u suna ko'ina, Ibadan ta zama mazaunin Babban Bishop tun 1994, ba kuwa mai kallonka don ka rataya gicciye. Sai dai Misa da Yarbanci ce ko Turanci. Wanda bai ji ko ɗaya ba, yaya zai furta zunubansa ga firist? Mutanen gari suna ganin Hausa a bakinka su ɗauka kai Musulmi ne, abokan kwananka kuma Lahadi ranar nema ce a gare su, sai ka wayi gari shekara ta zagayo ba ka karɓi Jibi Mai Tsarki ba, ba kuwa wanda ya lura. In rikici ya tashi, kamar na kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021, harshe da kamanni ake dubawa, ba a tsayawa tambayar addinin kowa.

Kun gani ke nan, 'yan'uwa, kowane gari da irin baƙuntarsa. A Kano kai ɗan gida ne a harshe, baƙo a bangaskiya. A Ibadan kai ɗan gida ne a bangaskiya, baƙo a harshe. Saboda haka ba zan ce da kowa ga inda za ka ba, ba kuma zan ce tafiya zunubi ce ba, tun da Iyali Mai Tsarki ma sun yi gudun hijira. Abin da nake roƙo shi ne kowa ya san rauninsa. Mai jin kunyar a san shi Kirista ne, ya yi hattara da Kano. Wanda ba ya zuwa coci sai mahaifiyarsa ta tashe shi, ya yi hattara da nisa.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka hau mota, ka san sunan ikilisiyar da ke kusa da masaukinka, da mutum ɗaya Kirista da zai nemi lafiyarka. Ka zo wurin katikis ko wurina ka karɓi katin baftismarka da takardar gabatarwa zuwa ga Fadan can. Mai aure ya zauna da matarsa su yanke shawara tare, kada ta ji a bakin uwar miji; a kuma tsai da ranar dawowa da hanyar aiko da cefane. Iyaye, kada ku ba da 'ya'yanku mata aikatau a gidan da ba ku taɓa takawa ba, kome daɗin bakin mai dalili. Wanda kuma ke da fili kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, ya yi lissafin tumatir da albasa na rani tukuna, wataƙila Nazarat ɗinsa tana bayan gidansu.

Mu da muka rage a gida ma muna da aiki. Ina roƙon Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyar matasa ta kowace ikilisiya su rubuta sunayen waɗanda suka tafi, a riƙa ambatonsu a addu'ar masu bi, a kira su a waya, a zagaya matansu da 'ya'yansu.

Shi wancan magidanci bai gaya mini inda ya zaɓa ba tukuna, amma ya sa ranar baftismar ɗansa kafin tafiya. Ku sa shi a addu'a.

Yusufu mai tsarki, majiɓincin ma'aikata da matafiya, ka yi roƙo domin 'ya'yanmu. Allah ya kai su lafiya, ya tsare bangaskiyarsu, ya dawo mana da su lafiya, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.